Amsar Takardunku: Nisan Birnin Kebbi Zuwa Jidda Ta Jirgin Sama

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sayar da busasshen kifi a Warra, Ƙaramar Hukumar Ngaski. Ya ce gyatumarsa za ta sauke farali bana, ga tsufa ga ciwon ƙafa. Wani alhaji ya ce masa tafiyar awa biyar ce, wani kuma ya rantse bakwai ce. Yana so ya san gaskiyar nisan, ko tsohuwa za ta iya.

To Malam, Allah ya saka maka da wannan kula. Daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi zuwa Jidda, in aka miƙe sak, kimanin kilomita 3,800 ne. Ka kwatanta da zuwa Birnin Kebbi daga Yelwan Yauri ta Koko da Jega, wato kilomita 200 da ɗoriya. Sai ka yi irin wannan tafiya fiye da sau goma sha biyar kafin ka cimma nisan Jidda. Babban jirgi yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa guda, saboda haka da tashi da sauka, awa biyar ke nan ko kusa. Zai keta Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya.

Alhazan nan biyu kuwa, kowa da gaskiyarsa. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. In jirgi ya tashi ƙarfe goma na dare, ya yi awa biyar a sama, nan gida ƙarfe uku ne, can kuwa biyar na asuba. Wanda ya dubi agogon bangon Jidda sai ya ce bakwai ya yi. Ban da haka, a 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Sai ka tambayi jami'in alhazai na yankinku hanyar da za a bi bana.

Game da Hajiya, zaman wuri ɗaya shi ne wahalar. Ta riƙa motsa ƙafafu, ta sha ruwa, in an ba da izini ta tashi ta ɗan taka. Maganinta ya kasance a jakar hannu, kada a sa shi cikin babban kaya. Kafin ranar kuma a kai ta likita ya duba ƙafar.

Kakanninmu sun yi wannan tafiya a ƙasa, ta Chadi da Sudan, wasu shekara da shekaru, suna noma a hanya don guzuri. Hajiya kuwa tsakanin lisha da asuba ta isa. Allah ya kai ta lafiya, ya dawo mana da ita lafiya. Sai mun ji daga gare ku.