Mayar da Tsohon Murhun Gashi Kanti

Batun yau ya shafi wata ɗabi'a da ake muhawara a kanta a Amurka, inda mutum zai sayi murhun gas na gasa nama, ya yi shekaru yana gashi a bayan gidansa, sa'annan ya kinkime shi ya mayar kanti, ya karɓi kuɗinsa cif.

Abin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne alkawarin gamsuwa, wato sharaɗin da manyan kantuna irin su Costco suke yi na karɓar yawancin kayan da ba su gamsar da mai saye ba, ba tare da ƙayyade lokaci ba. Manufar alkawarin ita ce kare wanda ya sayi kaya mai aibi. Idan murhu ya ƙi kamawa, ko gas yana zurarewa tun yana sabo, mayar da shi haƙƙi ne. Amma murhun da ya yi tsatsa, maiƙo ya daskare a ragarsa bayan shekaru ana morarsa, ya riga ya fanshe kuɗinsa, kuma mai mayar da shi yana neman a biya shi abin da ya riga ya ci.

Asarar kuwa, masu sauraro, tana komawa kan sauran masu saye, ta hanyar ƙarin farashi ko tsaurara sharuɗɗa. A shekarar 2018 kamfanin L.L.Bean ya soke irin wannan alkawari marar wa'adi, ya mayar da shi shekara ɗaya, yana mai kuka da masu cin zarafin tsarin, har da masu kawo kayan da suka saya a gwanjo.