Rumbun Fayiloli a Cikin Gida: Inda Sauƙi Ya Tsaya

 

An nemi in yi magana a kan saba ta gida, wato kwamfutar da ake ajiyewa a lungun ɗaki a bar ta a kunne, aikinta kawai ta riƙe fayilolin mutanen gida, ta miƙa wa kowa nasa a wayarsa ko kwamfutarsa. An kuma ce in fi mai da hankali kan manhajojin da ke tafiyar da irin wannan na'ura, musamman waɗanda aka gina domin ɗan koyo.

Me zai sa mutum ya ɗora wa kansa wannan ɗawainiya alhali ga kamfanoni suna ba da wurin ajiya a intanet? A ranar 1 ga Yunin 2021 Google ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka. Tun daga ranar, duk hoton da ka ɗora yana cin wuri ne a cikin gigabait 15 ɗin da Gmail da Drive suke ci a ciki. Kafin nan, a Janairun 2012, hukumomin Amurka sun rufe Megaupload, masu fayilolin halal da masu na sata duk suka wayi gari a bakin ƙofa a kulle. Wuri na mai wuri ne, shi yake sa sharaɗi, shi yake sauya shi. Mu kuma a nan akwai ƙarin nauyi: kuɗin wata na wurin ajiyar ba ya tsayawa wuri ɗaya, sannan kowane bidiyo sai ka ƙona data wajen ɗora shi, ka sake ƙona wata wajen sauko da shi. Shi ya sa hotunan biki da na suna, da tafsirin da aka naɗa a watan azumi, da hoton takardar fili, da sakamakon jarrabawar ɗaliban wata Islamiyya, yawanci suna zaune ne a waya guda. Ranar da aka ƙwace ta ko ta faɗa ruwa, sai salati. Manomi da ya san kansa ba ya barin amfanin shekara a buhu ɗaya a bakin hanya, rumbu yake ginawa, kuma ya san bayan ginin akwai lura da gara da ɓera da yoyon ruwa.

A da, gina wannan rumbu sai masu haƙuri. Sai ka girka Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ka zauna gaban baƙin allo kana buga umarni. Sai ka kawo Samba, manhajar da Andrew Tridgell ya fitar a Ostireliya a 1992, wadda ke sa kwamfutar Windows ta ga foldar da ke kan Linux kamar tata. Ka ɓata harafi ɗaya a fayil ɗin saitinta, ka kwana kana nema. A 2005 wani Bafaranshe, Olivier Cochard-Labbé, ya fito da FreeNAS, ya mayar da wannan duka shafin da ake buɗewa a burauza ana latsawa. Ita ce yau ake kira TrueNAS. Wani daga cikin masu aiki a kanta, Volker Theile, ya ware a 2009 ya fara OpenMediaVault a kan Debian, wani nau'in Linux. Akwai Unraid, wadda ake saye da kuɗi, ƙarfinta shi ne tana karɓar faifan ajiya masu girma dabam-dabam a tare. Akwai kuma CasaOS, wadda da umarni guda ake ɗora ta a kan Debian ko Ubuntu, ta fito da allo mai kama da na waya, da kantin manhajoji da ake latsawa su girku.

In aka ce in zaɓa wa ɗan koyo, OpenMediaVault zan zaɓa. TrueNAS ta fi ta tsaron fayil, domin tsarin ZFS da take amfani da shi yana lissafin kowane ɓangaren bayani ya gane wanda ya lalace, amma masu ita sun ce kada ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta ta gaza gigabait 8, kuma tana son faifai biyu ko fiye. CasaOS ta fi kowa kyan fuska, sai dai tana ɓoye wa mutum abubuwan da wata rana dole ya san su.

Ga yadda aikin yake. Ka sauko da manhajar, ka rubuta ta a filas, ka kunna tsohuwar kwamfutar daga filas ɗin. Za ta tambaye ka harshe, da ƙasa, da kalmar sirri, sannan ta tambayi faifan da za ta zauna a kai. A nan a nutsu, domin za ta goge duk abin da ke faifan da ka nuna, kuma ta mallake shi gaba ɗaya. Saboda haka ƙaramin faifai nata, babba na fayilolinka. Da ta gama, sai ka cire allo da madannai, ka bar mata wayar wuta da kebul ɗin da ya haɗa ta da rauta. Ka ɗauki wayarka ka rubuta lambar adireshinta a burauza, irin 192.168.1.20. Sunan shiga na farko admin ne, kalmar sirri kuwa openmediavault, wadda duk duniya ta sani, don haka ita ce abu na farko da za ka sauya. Daga nan ka shirya babban faifan, ka buɗe folda, ka yi wa kowa a gida suna da kalmar sirrinsa, ka kunna rabawa. Duk sauyin da ka yi, wani layi ruwan ɗorawa zai fito a saman shafin yana jiran ka tabbatar. Masu koyo da yawa a nan suke tuntuɓe: su gama saiti, su manta da layin, su ce abin ba ya aiki.

Yamma ɗaya ta isa a yi wannan. Kuma da zarar an yi, duk abin da ke yawo tsakanin sabar da wayoyin gida ba ya cin data ko ta kobo. Ana iya ƙara Jellyfin domin kallon bidiyo a talabijin, da Immich domin kwashe hotunan waya da kanta, da Kiwix da ke ajiye Wikipedia a karanta ba tare da intanet ba, abin da zai yi wa makarantar ƙauye amfani ƙwarai.

To, iyakar sauƙin ke nan. Abin da ya rage babu manhajar da za ta ɗauke maka shi, kuma waɗanda suka rubuta yawancin littattafan koyarwa ba sa zaune a inda ake ɗauke wuta.

Abu na farko wuta ce. Mu yi lissafi. Tsohuwar kwamfutar tebur da ke jan wat 60, in ta kwana ta yini a kunne, ta ci 1,440 na wat a lissafin awa. Batir mai bol 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1,200 ne a takarda, kuma irin na dalma ba a so a shanye fiye da rabinsa. Ke nan kwamfutar da aka ba ka kyauta za ta cinye batirin gidan kafin asuba. Ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi, ko ƙaramar kwamfutar ofis mai jan wat 10, za ta ci 240 kacal. Ni kam na fi son tsohuwar kwamfutar cinya, in dai batirinta na da sauran rai, domin shi zai riƙe ta tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta. Yankewar wuta ana tsakiyar rubuta fayil tana cikin manyan abubuwan da ke lalata ajiya. Samun tsohuwar kwamfuta kuma ba wuya: Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma kwamfutoci masu yawa ba za su ɗauki Windows 11 ba, ga shi lafiyarsu ƙalau. Irin waɗannan su ne kayan aikinmu. Kuma ba farilla ba ne saba ta kwana a kunne: a kunna ta da magariba, wayoyi su juye abin da suka tara, a kashe ta yadda ya dace. Sai zafin bazara da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. A ɗaga na'urar daga ƙasa, a ba ta iska, a riƙa busa mata ƙura.

Abu na biyu ya fi kama masu ilmi. Manhajojin nan za su ba ka zaɓin haɗa faifai biyu su zama madubin juna, dabarar da ake kira RAID, wadda masana uku a jami'ar Berkeley suka yi wa suna a 1988. Amfaninta ɗaya ne: in faifai guda ya mutu, ɗayan ya ci gaba da aiki. Amma in yaro ya goge foldar bikin yayarsa, ta gogu a duka biyun nan take. In tsawa ta faɗo, ko aka kawo wuta mai ƙarfi, ko ɓarawo ya sungumi akwatin, duka biyun sun tafi. Mutanen Maiduguri da suka ga ambaliyar Satumban 2024 ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da ruwa ke yi wa kayan ɗaki ɗaya. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa ƙa'idar da ake bi: kwafi uku, a kan irin ma'aji biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. A aikace, ka sayi faifan waje, ka juye masa komai duk ƙarshen wata, ka kai shi gidan ɗan'uwanka a wata unguwa. Kuma lokaci-lokaci ka buɗe wani fayil daga cikinsa ka gani da idonka yana buɗuwa.

Na uku, ƙofar waje. Kowa na so ya buɗe fayilolin gida daga Abuja ko Yamai. A Yunin 2021 masu kutse suka goge na'urorin My Book Live na kamfanin Western Digital daga nesa, na'urorin da rabonsu da sabunta manhaja tun 2015. A Janairun 2022 wasu suka kulle na'urorin QNAP da ke buɗe ga intanet suna neman kuɗin fansa. Shawarata ga ɗan koyo ita ce kada ya buɗe wa sabarsa ƙofa a rauta. In ya zama dole, ya bi ta rufaffiyar hanya irin WireGuard ko Tailscale, kuma duk sabuntawar da ta zo ya karɓa.

Akwai tambayar da ba na ganin ana yi, ita ce wa zai buɗe na'urar ranar da mai ita ba ya nan. A yawancin gidaje yaro ɗaya ne ya iya, shi ya girka, shi kaɗai ya san kalmar sirri. Ya tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki a wani gari, ko Allah ya yi masa cikawa, hotunan shekara goma suna cikin akwati amma babu mai isa gare su. Wanda ya kulle faifansa da tsarin ɓoye bayanai ya sani cewa in kalmar ta ɓace, babu mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre ko a ko'ina da zai iya buɗe shi. Don haka ɗan koyo ya zaɓi tsarin faifai na gama-gari irin ext4, wanda duk kwamfutar Linux za ta karanta. Ya rubuta sunan manhajar, da adireshin na'urar, da kalmomin sirri, da inda faifan waje yake, a takarda da biro, ya ajiye ta inda ake ajiye takardun gida. Sannan ya zaunar da mutum na biyu, ƙanwarsa ko matarsa, ya miƙa mata wayar ta shiga da hannunta, ta nemo hoto ɗaya ta sauko da shi yana kallo bai sa baki ba.

A nan zan dakata domin tambayoyi.