Jawabin Ƙaddamar da Kwamitin Iyayen Yara Masu Tawayar Ƙwaƙwalwa a Tanda

 

Duk uwar da ke zaune a rumfar nan da ɗa mai tawayar ƙwaƙwalwa tana kwana da tambaya guda: in na rasu, ina zai zauna, wa zai riƙe shi? Domin wannan tambaya muka taru.

Doka ba ta manta da waɗannan yara ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma a Disamban 2019 ta kafa dokar shigar da su cikin harkokin al'umma. Sai dai takarda ba ta rufa ɗaki. A nan Dandi, inda kogi ke cika ya shiga gidaje, yaron da ba ya gane haɗari shi ake kwantarwa a tsohon ɗakin bayan gida, wanda damina ke fara kayarwa. Wannan abin kunya ne gare mu duka. Shi ya fi kowa cancantar ɗaki mai ƙwari, a kan tudu, kusa da mai jin motsinsa da dare.

Malamai, muna roƙonku kan gado. Shari'a ba ta soke rabon wanda ba ya iya juya dukiyarsa. Waliyyi ke riƙe masa, ya ciyar da shi ya tufatar da shi daga ciki. To, gonarsa da ɗakinsa a rubuta su gaban shaidu tun iyaye na raye, kada 'yan'uwa su cinye, shi kuma ya ƙare da bara a gadar Malanbil ko kasuwar Kamba.

Batun rigakafi kuma, doguwar naƙuda, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa suna cikin masu jawo wannan lalura, don haka a kai mai ciki da jariri asibiti da wuri.

'Yan kwamiti, ku fara da zagaya unguwanni ku san kowane yaro da makwancinsa kafin ruwan bana. Da yardar Allah na ƙaddamar da ku. Liman, a yi mana addu'a.