MALAM, KA DUBI FUSKAR YARON NAN

Karatu: Farawa sura 40, aya 1 zuwa 8

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo da ba ya fid da jini, wato ciwon da ke cikin zuciya da tunanin 'ya'yanmu, da abin da makaranta za ta iya yi a kansa.

Yusufu ya duba, ya kuma tambaya

A wurin da muka karanta, Yusufu yana kurkuku a Masar. An ɗaure ma'aikatan Fir'auna biyu tare da shi, mai shayarwa da mai tuya, aka sa shi ya riƙa lura da su. Wata safiya ya shiga wurinsu, ya ga fuskokinsu ba yadda ya saba gani ba. Bai ajiye abinci ya wuce ba. Ya tsaya ya tambaye su dalilin damuwarsu, su kuwa suka buɗe baki suka faɗa masa.

Ku tuna, Yusufu yana ɗan shekara 17 lokacin da wahalarsa ta fara, 'yan'uwansa suka jefa shi a rami, suka sayar da shi. Ya san yadda baƙin ciki yake zama a zuciyar matashi. Abu biyu ya yi a safiyar nan: ya duba, ya tambaya. Wannan shi ne roƙonmu ga kowane malami da kowane mahaifi. Idan halin yaro ya canza, a tambaye shi kafin a ɗauko bulala.

Yarinyar da take barci a aji

Shekarun baya mun je aikin bishara a wani ƙauye, inda mutane suka koma gidajensu bayan an kai masu hari da dare. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. A da ba ta wuce ta uku a jarrabawa. Da aka koma makaranta sai ta fara barci a aji, ta daina rubutu. In iska ta buga kwanon rufi, sai ta shige ƙarƙashin benci tana rawar jiki. Malamin aji ya ce lalaci ne, ya yi ta dukanta. A gida ta fara fitsarin kwance, gwaggonta ma ta yi duka. Ba a daɗe ba maƙwabta suka fara raɗa cewa an ba yarinyar maita.

Wata malama da take jin yaren yarinyar ta riƙa tsayar da ita bayan an tashi. Ta ba ta gyaɗa, ta zauna kusa da ita, ta yi mata magana da yarensu. Rana ta farko yarinyar ba ta ce kome ba, ta biyu ma haka. A rana ta uku ta fashe da kuka. Ashe a gaban idonta aka kashe kawunta. In ta rufe ido da dare sai ta sake ganin abin, don haka take kwana zaune. A aji kaɗai, da rana, cikin mutane, take samun kwanciyar rai har barci ya ɗauke ta.

Malamar ta je ta sami hedimasta da uwar yarinyar. Aka daina dukanta. Aka zaunar da ita kusa da ƙawarta. Uwar ta dawo da ita ɗakinta suna kwana tare, aka kuma kai ta asibiti. Ba ta warke rana ɗaya ba, an ɗauki watanni. Amma ta koma rubutu, ta kuma shiga sakandare tare da 'yan ajinsu.

Abin ya fi yadda muke zato yawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta kuma ce kusan rabin irin waɗannan matsaloli sukan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Malam, in kana da yara 70 a aji, ka yi lissafin da kanka.

Mu ma a nan mun san abin da 'ya'yanmu suka gani. Waɗanda suke yara lokacin rikicin Jos na watan Satumba 2001, yau su ne iyaye. A 2014 aka sace 'yan mata 276 a makarantar Cibok. A 2018 aka kwashe 110 a Dapci. A watan Yuli 2021 aka sace ɗalibai fiye da 100 a makarantar Bethel Baptist a Jihar Kaduna, a watan Maris 2024 kuma aka kwashi yara a Kuriga. Yaron da bai taɓa zuwa waɗannan wurare ba ya ji labarin a rediyo, ya ga hotuna a waya, da safe kuma aka ce ya ɗauki jaka ya tafi makaranta.

Ba harin 'yan bindiga ne kaɗai yake raunana zuciyar yaro ba. Akwai mutuwar uwa ko uba, da faɗan iyaye kullum dare. Akwai kora daga aji saboda kuɗin makaranta a gaban abokai. Akwai zaluncin manyan ɗalibai a makarantar kwana, da babban mutum da yake taɓa yarinya ya ce in ta faɗa zai kashe ta. Akwai tsoron faɗuwa jarrabawa bayan an sayar da akuya an biya kuɗi. Waɗansu matasa sukan gudu zuwa ƙwaya don su manta. Shi ya sa gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da yin sa a 2018. Wani lokaci kuma ciwon yakan zo ba tare da wani dalili da ido zai gani ba, kamar yadda ciwon sukari yake kama mutumin kirki.

Alamun da za mu lura da su

Yaro ba zai zo ya ce, "Baba, ina da damuwa" ba. Jikinsa da halinsa ne za su faɗa. Mai surutu ya koma shiru, ko mai sanyin hali ya zama mafaɗaci. Ya daina wasan da yake so, ya ware kansa. Makinsa ya faɗi ba zato. Yana kukan ciwon kai ko ciwon ciki kowace safiya, an gwada ba a ga zazzaɓi ba. Ba ya cin abinci, ba ya barci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Kowane yaro yakan yi baƙin ciki kwana ɗaya ko biyu. Amma in abin ya wuce mako biyu yana hana shi karatu da wasa, to, a tashi tsaye.

Aikin makaranta

Me ya sa muke kiran malamai? Domin yaro yana wajen awa shida a gabansu, kwana biyar a mako. Uwa ta san ɗanta, amma malami yana ganinsa a tsakanin sa'o'insa, saboda haka yakan riga kowa ganin wanda ya canza. Ga abubuwa biyar da ba sa bukatar kuɗi.

Na ɗaya, lokacin kiran suna da safe, malam, ka ɗaga kai daga rajista ka dubi fuskar mai amsawa. Wanda bai zo kwana uku ba, a aika gidansu a ji lafiya.

Na biyu, ka tambayi yaro a gefe, ba a gaban aji ba, a wurin da ake ganinku amma ba a jin maganarku. Kada ka yi gaggawa. In bai amsa yau ba, ka sake gobe.

Na uku, a bar yaro ya faɗi damuwarsa da yarensa. Yawancinmu muna da harshen gida, muna Hausa a kasuwa da sujada, muna Turanci a aji. Amma kuka da yaren uwa yake fita. Makarantar da take cin tarar yaro don ya yi yare, ta nemi malami ko wata uwa daga cikin iyaye wadda yara za su iya yi wa magana da harshensu.

Na huɗu, a daina kunyata yara. Kiran yaro daƙiƙi ko mahaukaci, da karanta sunan na ƙarshe a gaban taro ana dariya, ba ya ƙara wa kowa ilimi. Bashin kuɗin makaranta kuwa na iyaye ne, a yi maganar da su.

Na biyar, tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yi tanadin malamin ba da shawara a makarantun sakandare. Iyaye, a taron iyaye da malamai ku tambayi firinsifal wane ne wannan malami, yaushe kuma yara suke ganinsa. Makarantun ikkilisiya su fara nuna gurbi.

Abin da yaro ya faɗa a asirce kada ya zama hirar ofishin malamai. Amma in ransa yana cikin haɗari, ko wani yana lalata da shi, malam, ka gaya masa a fili cewa dole ka nemi taimako, ka kuma nema a ranar.

Addu'a da asibiti

'Yan'uwa, mu faɗa wa juna gaskiya. Mun sha ɗora wa yara marasa lafiya sunan mayu. An sa waɗansu azumin dole, an ɗaure waɗansu da sarƙa, an tilasta masu su amsa laifin da ba su yi ba. Wannan zalunci ne, kada a yi shi da sunan Allah. Muna addu'a domin mai zazzaɓin cizon sauro, muna kuma ba shi magani. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne. Ciwon ƙwaƙwalwa ma yana da magani, ba kuwa alamar rashin bangaskiya ba ne.

A watan Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma kare mutuncin masu wannan ciwo. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, akwai kuma sashen wannan aiki a asibitin koyarwa na Jos. Likitocin ba su da yawa, don haka a fara da asibitin da ke kusa, su za su nuna hanya.

Abu ɗaya kuma, mu manoma mu ji da kyau. In yaro ya ce ya gaji da rai, ko gara ya mutu, kada a ce wasa yake yi, kada kuma a tsawata masa. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sai ma ta sauke masa nauyi. Kada a bar shi shi kaɗai. A kulle maganin feshi da maganin ɓera inda hannunsa ba zai kai ba, a kai shi asibiti a ranar.

Ku kuma 'yan makaranta da kuke ji, in zuciyarka ta yi nauyi, ɗana, ba laifinka ba ne. 'Yata, ki nemi babba ɗaya da kika amince da shi ki faɗa masa. In bai saurare ki ba, ki nemi wani.

Iyaye, ga aikin gida na wannan mako. Yau da dare, bayan tuwo, ku kira yaranku ɗaya ɗaya, ku tambaye su da yarenku yadda makaranta take. Ku yi shiru ku ji amsa har ƙarshe.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun kawo 'ya'yanmu gabanka, musamman waɗanda ba sa iya barci da dare. Ka ba malamanmu ido mai gani da haƙurin tambaya. Ka gafarta mana inda muka yi duka a wurin da ya kamata mu saurara. Ka sa albarka a hannun masu aikin asibiti. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.