Daskarewar Jini Bayan Dashen Ɓargo

Yau maganarmu a kan dashen ɓargo ce, da wani haɗari da kan biyo bayansa.

Kun sani cikin ɓargon ƙashi a ke yin jini. In ɓargo ya lalace, ko kuwa yana yin jini marar kyau irin na masu amosanin jini, watau sikila, likitoci kan kashe shi da magani mai ƙarfi, sa'an nan su ɗura wa majiyyaci na wani, yawanci na shaƙiƙinsa. A Nijeriya an fara yin wannan aiki a asibitin Jami'ar Benin cikin 2011. Waɗansu kuwa Indiya a kan kai su.

To, maganin nan da ya kashe tsohon ɓargo ya kan ƙuje cikin ƙananan jijiyoyin jini. Inda ya ƙuje, nan jini kan daskare ya toshe hanya. In a hanta ne, yawanci cikin kwana 21 na fari ya kan bayyana, amma wani sai bayan an sallame shi. Ido ya yi rawaya, ciki ya tara ruwa, gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari ya riƙa ciwo, nauyi ya hau cikin kwana biyu uku ba don cin tuwo ba.

Nan fa na fi jin tsoro. Uwar mai amosanin jini ta saba ganin idon ɗanta rawaya tun yana goye, sai ta ce ai na kullum ne. Uwa, bayan dashe kada ki ce haka. Ki kawo shi ran nan.

In a ƙoda ne, har bayan wata uku ya kan zo: ciwon kai, hawan jini, fitsari mai kumfa. Ku lura kuma da hannu ko wuya, in ya kumbura a gefen da aka sa robar ƙarin ruwa.

Kada ku ba shi asfirin, kada wanzami ya yi masa ƙaho, gama jininsa bai yi ƙwari ba tukuna, yana iya zuba ya ƙi tsayawa. Jiƙo ma ku bari. A Jamaika cikin 1954 likitoci suka bayyana irin toshewar hantar nan ga yara masu shan jiƙon ganyen daji, ba su ko san dashe ba.

Ku zo da takardar sallama. Mu a nan za mu ɗora shi kan sikeli, mu auna jini da fitsari, mu rubuta muku takarda zuwa babban asibiti nan take. Akwai allurar toshewar hanta, sunanta defibrotide, amma ba a ɗakin shan magani na ƙauye a ke samunta ba, kuma ta fi ci in an fara da wuri.

Sai mako mai zuwa.