Zafin Ɗaki Daga Sama Yake Saukowa

 

Kowa ya san halin da ake shiga daga Maris zuwa Mayu. Zafi ya haura digiri 40, mutum ya kasa kwana a ɗakin da ya gina da guminsa, sai ya ja tabarma tsakar gida. Kakanninmu masu soron azara da laka ba su sha wannan wuya kamarmu ba, don kaurin ƙasa yana tare rana. Mun koma kwano saboda ya hutar da mu yaɓe duk shekara, kuma ba laifi. Sai dai da tsakar rana ko hannu ba ka iya ɗora masa, kuma zafin nan ɗaki yake zubowa. Fanka kuwa, in ma an kawo wuta, iskar zafin take juyawa.

Kun san farin kumfan nan mai tauri da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin? Ana yin irinsa falle-falle domin gini. Kusan dukkansa iska ce a kulle cikin ƙananan ƙwayoyi, shi ya sa zafi ke wahalar ratsa shi. Kafinta zai auna tsakanin katakan silin, ya yanka da wuƙa, ya shimfiɗa a kan silin ɗin ya zauna daram. Kaurin santimita 5 ya fi siriri amfani nesa ba kusa ba. Inda falle biyu suka haɗu a liƙe da tef, domin ko ƴar kafa aka bari, ta nan zafi zai bi. Kada a manna shi jikin kwano. A bar fili tsakani, a huda tagogin iska a bango biyu masu fuskantar juna, a sa musu raga saboda jemage da ɓera.

To, a nan nake son ku ba ni kunnenku sosai: kumfa yana cin wuta, kuma baƙin hayaƙinsa guba ne. Kada a bar shi tsirara yana kallon ɗaki. Dole a rufe shi ta ƙasa, kuma silin POP ya fi fale-falen katako jure wuta. Kafin a sa ko falle ɗaya, a kira mai wayarin na gaske, ba yaron maƙwabci mai ɗaure waya da leda ba. Ya zura wayoyi cikin bututu, don robar waya in ta daɗe tana gogar kumfa bushewa take ta tsage. A nisanta shi da ƙwan lantarki mai zafi da wurin girki. Gam mai warin fetur ma narkar da shi yake.

Mai tsohon silin asbestos kada ya fasa ko ya yanka, ƙurarsa tana lalata huhu.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ya fara da ɗakin da yara da tsofaffi ke kwana, ya shafa wa kwanon farin fenti. Aikin kuma a yi shi da hunturu ko da sassafe, domin saman silin a bazara yana iya sumar da ƙato. Kafinta ya taka katako, kada ya taka silin.