Tuƙin Jirgin Ruwa A Inda Kogi Ya Yi Kwana: Jawabi Ga Jama'ar Jiwa



Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan mutumin Jiwa da zancen jirgin ruwa, alhali garinsa a kan tudu yake, mota ce abin hawansa. Amsa ita ce, fatauci da zumunci ba su bar kowa a gida ba. Mai sayen kifi yakan kai Yawuri ko Lakwaja, biki ko ta'aziyya kuma sukan kai mutum ƙauyukan bakin kogin Kwara, inda babu hanya sai ta ruwa. Baƙon da bai iya iyo ba kuwa shi ne farkon wanda ruwa ke ci.

Cikin watan Yuni 2023, jirgin da ya ɗauko 'yan biki daga Egboti ta Jihar Neja zuwa ƙasar Patigi ya daki itace cikin duhun dare, ya tsage, mutum fiye da 100 suka rasu. A watan Satumba 2025 wani jirgin ya ci karo da kututture kusa da Gausawa a ƙasar Borgu, ya kife da mutanen da za su ta'aziyya. Tun da aka tare ruwa a Kainji cikin 1968 itatuwan da tafkin ya shanye suke tsaye a ƙarƙashinsa, suna jiran wanda bai san hanya ba.

Amma wurin da ya fi kowane haɗari shi ne inda kogi ya yi kwana. Ruwa yakan ci gaɓar waje, ya haƙa ta da zurfi, ya kayar da itatuwanta, sa'an nan ya jibge yashi a gaɓar ciki. Saboda haka hanyar da jirgi mai kaya zai iya bi takan tsuke ƙwarai, kuma mai hawa da mai gangara duk ita suke nema. Ga ciyawa da duhuwa sun rufe ido, ga ƙarar inji ta toshe kunne. Wani matuƙin ma yakan yanke kwanar don ya rage shan mai, ya faɗa hannun da ba nasa ba. A yi lissafi: jirage biyu, kowanne yana gudun kilomita 20 a sa'a, in ba su ga juna ba sai da ya rage mita 50 a tsakani, ko daƙiƙa 5 ba su da ita. Jirgin ruwa kuwa ba shi da birki.

Wannan ba ciwon ƙasan nan kaɗai ba ne. Ran 20 ga Agusta 1989, a tsakiyar birnin Landan, jirgin yashi mai suna Bowbelle ya haye wani jirgin shaƙatawa, Marchioness, mutum 51 suka mutu. Binciken da aka yi ya nuna cewa a jiragen biyu ba a tsare aikin duba hanya yadda ya kamata ba. Ke nan injuna da fitilun birni ba su hana karo in babu ido a gaba da baya.

Ƙa'idodin hana karo da ƙasashen duniya suka amince da su cikin 1972, suka fara aiki cikin 1977, sun yi maganar kwana a fili. A matsatsiyar hanya kowane jirgi ya riƙe hannunsa na dama. In biyu sun fuskanci juna, kowa ya kauce dama, watau kamar yadda motoci suke yi a ƙasan nan tun 1972. Wanda ya kusanci kwanar da ba ya ganin bayanta ya rage gudu, ya busa ƙaho dogo guda ɗaya na daƙiƙa 4 zuwa 6, wanda ke ɗaya ɓangaren kuma ya amsa da irinsa. Mai kwale-kwalen da ba shi da ƙaho, usur ya ishe shi, kuɗinsa bai kai na mai lita guda ba. Har ila yau hankali ya nuna mai hawa ne ya kamata ya dakata wa mai gangara, domin shi ruwa na riƙe shi, wancan kuwa ruwa na tura shi, tsayawa ba ta hannunsa. Lalle ne kuma a zaunar da yaron jirgi a goshi, ba shi da wani aiki sai duban ruwa.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, NIWA, wadda aka kafa cikin 1997, hedkwatarta a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta hana lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja. Sai dai mashigan koguna sun fi ma'aikatanta yawa nesa ba kusa ba, don haka nauyi ya koma kan sarakunan ruwa da shugabannin tasha, da shi kansa fasinja. Kafin ya sa ƙafa ya dubi bakin jirgin. In tsakaninsa da ruwa bai wuce taƙi ba, igiyar da wani jirgi zai tayar a kwana ta isa ta cika shi. In rana ta yi gora, ko hazo ya rufe ɗaya gaɓar, gara ya kwana a tasha, ko da za a yi bikin ba shi. Madugun tawaga ya raba mutanensa sahu biyu in sun yi yawa, ya tabbata yara sun ɗaura rigar tun a gaɓa, ba a riƙe ta a cinya ba. In kuwa matuƙi ya doshi kwana bai sassauta ba, dattijon da ke cikin jirgin ya yi masa magana tun kafin a shige ta.